Yadda Ake Ɗinka wa Tsohuwar Kujera Riga

A gidajen Paki da sauran garuruwan Ikara, Makarfi da Kudan, da wuya a rasa kujerar kushin da ta shigo tun cikin kayan ɗakin uwargida, wadda sosonta ya lotsa daidai zaman maigida, hannuwanta kuma suka dafe saboda gumi da ruwan rake da ƙurar hunturu. Irin wannan kujera ta yi wa gida hidimar da ta wuce a yasar da ita a zaure, abin da ya kamace ta shi ne riga, wato suturar da ake zura mata a kuma cire a wanke, saɓanin yadin da kafinta ke dannewa da ƙusa.

Kafin awo, ana shanya kujerar a rana domin kuɗin cizo su san an yi musu sallama, sannan a lalube lungunanta, inda akan tsinci busasshen goro da carbin da aka daɗe ana zargin yara da ɓatarwa.

Zaɓen ƙyalle shi ne babban aiki. Kujera mai zaman mutum ɗaya takan ci kusan turmi guda, wato yadi 6, ko tsofaffin zannuwa uku, kuma babu kamar atamfar auduga irin wadda masaƙun Kaduna suka riƙa fitarwa bayan buɗe ta farko a 1957, domin ta sha wanki har ta daina zuba, ta daina tsukewa. Wajibi ne a nemi izinin mai zanin, saboda wanda aka gani a ƙasan akwati kamar an manta da shi, sau da yawa ankon bikin ƙanwarta ne. Idan kuwa atamfar kamfen ce, a kula kada fuskar ɗan takara ta faɗo a mazauni, don baƙon da ke jam'iyyarsa zai ƙi zama, na adawa kuma zai ƙi tashi.

A jikin kujerar ake yanka, domin shekaru sun riga sun karkatar da ita yadda tef ba zai faɗi gaskiyarta ba. Ana shimfiɗa ƙyallen bai-bai, a kama shi da fil, a zana da alli, a bar rarar taƙi guda, wato tsawon buɗaɗɗen tafin hannu, da za a cusa tsakanin mazauni da hannuwa. Tsakiyar tsohon zani ta riga ta sha zama, don haka gefensa mai ƙwari ake kaiwa mazauni, a ninka shi biyu, a bi kowane kabu sau biyu da keke. Daga ƙasa sai a kalmashe baki a zura igiya kamar tazugen wando, a ɗaure ta baya. Ana ƙirga fil lokacin sakawa, a sake ƙirgawa lokacin cirewa, kuma ba a kiran maigida ya gwada zama sai lissafin ya yi daidai.