Mas'alar Maɓalli Biyu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Arewa, tun daga Matankari har Tibiri, ba ya bukatar malami ya karantar da shi darajar ruwa, domin ko da yake a cikin kwarin Dallol Mawri mutum kan haƙa gaba kaɗan ya tarar da shi, da zarar an hau tudu sai rijiya ta yi zurfin da mace ba ta fid da guga sai tafin hannunta ya yi kanta, wani wurin ma sai an ɗaura wa jaki igiya ya ja. A kan buta aka rene mu, da ita muke tsarki, da ita muke alwala, abin da ya rage a gindinta kuwa a zuba wa ɗan itacen da ke tsakar gida. Malamanmu kuma suka ƙara ɗaure mu da ruwayar cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da mudu guda yake alwala, da sa'i guda yake wanka, alhali mudun nan ko lita ɗaya bai cika ba. Na kawo wannan muƙaddima ne domin mai karatu ya san irin mutumin da ƙaddara ta zaɓa ta jarraba, kada ya yi mini hukunci da gaggawa.

Ni tsohon malamin makaranta ne, na karantar da hisabi har furfura ta cim mini, na kuma sauke Ahalari da Ishmawi da Risala a gaban malamai na ƙwarai, ta yadda babu wata mas'ala a babin tsarki da za a kawo mini in yi inda-inda. Ana cikin bazara, sa'ad da zafi ke hana kaza sakewa, sai ɗan ƙanwata, wanda Allah ya buɗa wa a fataucin Kwatano, ya aiko mini cewa an yi masa haihuwa, za a yi suna a sabon gidan da ya gina a Dogon Dutsi. Na bar ƙauyenmu da ke kusa da Tibiri, na bi ta Kore Mairuwa na hau kwaltar nan da ta taso daga Yamai ta ratsa Doso ta nufi Birnin Ƙonni, na sauka da la'asar sakaliya. Yaron ya tarbe ni da ladabi, ya kewaya da ni gidan, ya nuna mini tankin lita 1000 da ya ɗora a kan soro, wanda aka cika tun daren jiya saboda baƙi, sannan ya ce, "Kawu, ɗakin ga naka ne, har da makewayi a ciki, ba sai ka hita waje ba." Na sa masa albarka, ko da yake a raina ban ga hikimar mutum ya kwana ɗaki ɗaya da masai ba.

Bayan isha'i, da tuwo da fura suka nemi haƙƙinsu, na shiga da ƙafar hagu kamar yadda sunna ta koyar, na tarar da kujerar tangaran fara fat, da ɗan ruwa kwance a gindinta, da wani akwati a jingine da bango, a kan murfinsa kuwa ga wani abu mai ƙyalli da aka raba gida biyu, ɓari guda babba, ɓari guda ƙarami. Babu rubutu a kai, ko na boko ko na ajami. Da yaro ne ni da na leƙa waje na yi tambaya, amma mutumin da aka gabatar ɗazu a zaure a matsayin kawun mai gida kuma malamin dangi ba zai fita cikin taro yana tambayar yadda ake kora masai ba, saboda haka na tsaya na yi ijtihadi. Da fari na yi ƙiyasin cewa babba na manya ne, ƙarami na yara. Sai na ga illar wannan ƙauli, tun da ba a san shekarun da yaro zai kai ya ƙaura daga wannan zuwa wancan ba. Na koma na ce ko ɗaya na maza ne ɗaya na mata, nan ma ban sami dalili ba. Daga ƙarshe na yi abin da malamai kan yi idan hujjoji suka yi karo, watau na haɗa tsakaninsu: na ɗora babban yatsa na danna duka biyun.

Abin da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa a cikin ɗaki ba. Ruwa ya ɓarke da ruri, ya kewaya kwanon, ya tafi da abin da zai tafi da shi, ni kuwa na ja da baya ina salati, riƙe da bakin wando. Da rurin ya lafa sai wata ƙara ta maye gurbinsa, siririya, mai tsiyaya, daga cikin akwatin, ba ta da niyyar tsayawa. Na jira, ta ci gaba. Nan take hisabi ya motsa a kaina, na shiga lissafa guga nawa ke zubewa a dalilina, na tuna matan ƙauyenmu a bakin rijiya, na ƙudurta cewa wajibi ne a kaina in tsayar da wannan ɓarna kafin a rubuta mini ita a cikin littafin ayyuka.

Murfin ya ƙi ɗaguwa, sai da na gane cewa maɓallin ne ya riƙe shi, na murɗa shi ya kwance. A ciki na ga ruwa yana hauhawa, ga wata ƴar na'ura a gefe tana feshi, ga wani dogon bututun roba a tsaye a tsakiya, wanda girmansa da matsayinsa suka nuna mini cewa shi ne shugaban fitinar. Na kama shi na ɗan juya, niyyata in gwada ƙarfinsa kawai, sai ga shi ɗungum a hannuna, ruwan da ya taru kuma ya sake kwararewa ƙasa. Na mai da shi gurbinsa iyakar ƙoƙarina, ya tsaya a karkace. Na laluba aljihu na sami asawakina, na tokare shi da shi, na mai da murfi. Ƙarar dai ba ta daina ba, amma da na fito na rufe ƙofa na kunna fanka sai na daina jin ta, wannan kuwa ya ishe ni shaida cewa gyara ya kama. Na yi barci mai daɗi.

Kiran assalatu bai ƙare ba na ji hayaniya a tsakar gida. Baƙi sun yi layi da butoci a bakin famfo, famfo kuwa sai huci yake yi. Wani yaro ya hau soro ya ƙwanƙwasa tanki, ya leƙo ya ce ko na kurkure baki babu. Wani dattijo daga Gesheme ya ce a yi taimama, wani ya ce taimama ba ta halatta ga mazaunin gari mai lafiya matuƙar ana iya samun ruwa kafin lokaci ya fita, gardama ta kaure har gari ya soma wayewa, aka ruga maƙwabta roƙon ruwa. A cikin gida mata sun aza tukwane babu abin zubawa, ga rago a ɗaure yana jiran wuƙa, ga ƴan garuwa da suka ji labari tun kafin a aika musu, suka iso da kurarsu da farashin da bai san zumunci ba. Da aka idar da salla jama'a suka dube ni, a matsayina na babba, in ce wani abu; ni kuwa, da yake har lokacin zuciyata ba ta zarge ni da kome ba, na yi ɗan taƙaitaccen wa'azi a kan israfi, na ja kunnen samarin zamani masu sakin famfo suna wanke babur, har na ga wasu sun sunkuyar da kai.

Da hantsi aka zo da mai gyaran famfo. Yana ganina ya durƙusa ya ce, "Mushe, ina kwana? Ba ku gane ni ba?" Na dube shi da kyau, sai na tuna wani yaro da ke zama a bencin baya, wanda raba dogon lissafi ya gagare shi shekara guda cur, wanda kuma bulalata ta san bayansa. Ya bi famfunan gidan ɗaya bayan ɗaya bai ga yoyo ba, har muka iso ɗakina, mai gida na biye. Ya kwance maɓalli, ya ɗaga murfi, ya leƙa, ya yi shiru na ɗan lokaci. Na ga hannunsa ya shiga ya fito, wani abu ya wuce cikin aljihunsa.

Sannan ya shiga bayani, ni da na karantar da shi ina tsaye ina sauraro. Ya ce abin nan da suke kira shas na'ura biyu ne a ciki, kowace da aikinta. Ta gefen ita ke shigo da ruwa, tana da fulotar, wani ɗan kumburarren abu mai iyo a kan ruwa kamar gorar masunta. Idan akwati ya zube sai ya sauka ya buɗe hanya, idan ruwa ya hau sai ya hau tare da shi har ya toshe ta. Ƙarar da kan biyo bayan kora, in ji shi, cikowa ce kawai, minti ɗaya ko biyu ta yi shiru da kanta, ba ta bukatar taimakon kowa. Da ya faɗi haka bai dube ni ba, ni ma na dubi rufin ɗaki. Ta tsakiyar kuwa murfi ce a kan ramin da ruwa ke bi ya sauka cikin kwano, a gindinta akwai zoben roba, juwan, wanda nauyin ruwa ke dannewa ya hana ɗigo wucewa. Kowane maɓalli aka danna wannan murfin yake ɗagawa, bambancin yana wajen wanda zai riƙe shi a buɗe: ƙaramin yakan bar shi a hannun wani ɗan fulotar da ke can sama, saboda haka da ruwa ya sauka rabi sai ya rasa abin da zai tallafe shi, murfi ya faɗa ya rufe, babban kuwa yakan damƙa shi ga na ƙasa, wanda ba ya saki sai akwati ya kusa ƙarewa. Ƙarami na bawali, babba na gayaɗi. Wanda ya danna duka biyu, babban ya danna. Hatta ruwan da ke kwance a gindin kwano da gangan aka bar shi, a cikin wata lanƙwasar bututu, domin ya tare wari kada ya dawo ɗaki.

Daga baya, da na bi diddigin al'amarin, na sami cewa lanƙwasar nan wani mai gyaran agogo ne a Landan, Alexander Cumming, ya yi mata rajista tun 1775, maɓalli biyun kuwa aikin Bruce Thompson ne na kamfanin Caroma a Ostireliya, a 1980, ƙasar da ita ma fari ya san ta. Nasa na farko lita 11 ne da lita 5 da rabi, aka yi ta ragewa har aka kai 6 da 3. Na yaba wa niyyarsu, amma ina da ja: wannan lita 3 da suke alfahari da ita a kan tsimi ne ta fi cikin butata, ta kuma fi alwala uku da mudun Annabi.

Mai gida ya ce, "To, mi ya shanye muna ruwa?" Yaron ya ɗaga zoben roba ya shafa shi da yatsa, ya ce, "Alhaji, rairayi ne. Ƙasar ga tamu, ƙwaya guda ta shiga ƙarƙashin juwan, shi ke nan, sai ya yi ta zuba, fulotar ya yi ta cikowa, tanki ya yi ta biya." Wannan magana kuwa ba ƙarya ba ce a kan kanta, domin har a Ingila masu lura da sha'anin ruwa sun ce masai mai irin wannan yoyon kan zubar da lita 200 zuwa 400 a yini ba wanda ya ji. Na gyara murya na tabbatar wa mai gida cewa tun daren jiya na lura da alamar haka, har na ƙara masa da bayanin fulotar na sama da na ƙasa, wanda ban fi minti biyar da koyonsa ba.

Da zai tafi ya roƙi in raka shi bakin ƙofa, ya zaro asawakina a jiƙe ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Mushe, tambaya gare ni. Tanki na lita 1000, kowace kora lita 6, kora nawa ke nan?" Na ce 166. Ya ce, "Saura fa?" Na ce saura 4. Ya ce, "Madalla, Mushe, kun ci," ya hau babur ɗinsa. Kuɗin goron da na cusa masa ba zan faɗi adadinsa ba, amma ya fi abin da na ba mai jego.

Ɗan ƙanwata kuwa bayanin da na yi ya shige shi ƙwarai, ya riƙa gaya wa mutane cewa kawunsa ko injin Turawa bai gagare shi ba, kuma damina ba ta faɗi ba sai ga mota a ƙofar gidana da sabon masai cikin kwali, kyauta, alhali tsakaninmu da famfo sai an je bakin kasuwa. Uwargida ta kewaya shi, ta ƙwanƙwasa, ta ce kwanon ba ta ga amfaninsa ba, amma akwatin yana da murfi mai kyau wanda ɓera ba zai iya da shi ba. Ta sa aka ɗora shi a kan duwatsun murhu a ɗakin ajiya, ta cika shi da surfaffen gero, ta tara ƙwarya a ƙarƙashi, ta ce, "Malam, in rabin awo nike so, wanne za ni dannawa?" Na ce ƙaramin, da cikakken yaƙini, tun da a wannan fanni yanzu ni hujja ne. Ta danna. Gero ya shiga ƙarƙashin juwan, murfi ya ƙi komawa, ƙwarya ta cika ta tumbatsa, kajin unguwa suka taru, ita kuwa tana tara zane tana kiran sunan da ba ta taɓa kirana da shi a gaban yara ba. Na bayyana mata cewa mutanen Ostireliya da ruwa kaɗai suka jarraba abin, ta ce in ɗauko tsintsiya.