Kada ka daskarar da inuwa kafin Alhaji ya gama magana

A shagunan zane da buga kati na Gyaɗi-Gyaɗi, daga Court Road har bakin titin Zariya, sunan amarya ba ya fita haka nan babu ado. Sai an zuba masa ruwan zinare, an zagaye shi da farin layi, an shimfiɗa masa inuwa. Photoshop ya soma zuwa da irin wannan kwalliya a 1998, shekara huɗu bayan ya fara aiki da leya. Abin da ke rikita sabon yaron shago shi ne, kwalliyar ba zane ba ce, umarni ce da kwamfuta ke sake lissafawa duk sanda ka taɓa leyar. Ka ɗauki magogi ka bi inuwa, ta ƙi goguwa. Ka ci gefen hoton ango, farin layin ya biyo ka ya sake zagaye inda ka ci. Ka juya rubutu, inuwa ta ce ita fa hasken da ta sani take bi.

Maganinta a daskarar da ita ta koma fiksel. Danna leyar da ɓangaren dama na linzami, ka zaɓi Rasterize Layer Style, wanda ya shigo tun CS6 a 2012. In kwamfutar maigidanka ta girmi wannan, buɗe sabuwar leya wadda babu komai a kanta, ka sa ta ƙarƙashin mai kwalliyar, ka hau ta saman ka danna Ctrl da E. Shi ke nan, inuwa ta shigo hannu: goge ta, yanke ta, ja ta inda kake so.

Amma ƙanena, tsaya tukuna. Wannan aiki zuba kankare ne, in ya kama babu sauran gyara sai fasawa. Kafin yatsanka ya kai can, danna Ctrl da J ka yi wa leyar kwafi, ka rufe idon ta asalin ka bar ta a ƙasa. Daƙiƙa biyu ne, kuma za su cece ka daga Alhaji mai katin biki.

Domin Alhaji zai dawo. Ya duba katin da hantsi, ya ce ma sha Allah, ya biya rabin kuɗi, ya kama hanyar kasuwar Tarauni. Bayan la'asar sai ga waya: an ɗaga ɗaurin auren daga Asabar zuwa Lahadi, waliyyin amarya ya ce a sa masa Dakta, kuma gwaggon ango ta ga babu sunan gidansu. Ba laifinsa ba ne, aure na dangi ne, kowa da bakinsa a ciki. In asalin leyar na nan, sai ka ce, "An gama, ranka ya daɗe," ka gyara kafin ya ajiye waya. In kuwa ka daskarar babu kwafi, yau kai da neman launin zinaren nan har isha'i, kuma da wuya ya fito daidai da na safe. Kada ka dogara da Ctrl da Z. Photoshop na yanzu taku 50 yake riƙewa in ba ka ƙara masa ba, kuma da ka rufe fayil, ko wuta ta ɗauke, ya manta da su duka.

Inda daskarewa take da rana sosai shi ne wajen ƙ da ɗ da ɓ. Ka sha wahala ka samo salon rubutu mai lanƙwasa, ka kai fayil wurin mai injin bugawa a Zoo Road, kwamfutarsa ba ta da salon, sai ta musanya da wani, Ɗanladi ya fito da ɗan akwati a farkon sunansa. Daskararren rubutu ba ya neman izinin kowa, yadda ka zana haka zai fito. Wannan kaɗai ya isa dalilin koyon aikin, don sunan mutum ya cancanci a rubuta shi daidai ranar bikinsa.

Ka kuma daidaita girma tun kafin. Abin da ka daskarar a girman kati, in Hajiya ta ce a mayar da shi bana ta bayan kujerar amarya, zai fashe ya yi dishi-dishi. Kati a yi shi a kan ɗigo 300 a kowane inci, bana kuma a buɗe mata nata fayil. Bayan daskarewa ka sake duban hasken da ke kewaye da haruffa, don wani lokaci yakan sauya kama da zarar ya rabu da umarninsa.

Sai adanawa. Fayil biyu za ka ajiye: PSD mai leyoyinsa a raye naka ne, daskararren shi ke tafiya wurin bugawa. Kuma don Allah a daina sa musu suna "na ƙarshe" da "na ƙarshen ƙarshe". Rubuta sunan mai biki da kwanan wata, domin wata tara ko goma masu zuwa Alhaji zai aiko a yi katin suna, kuma zai ce irin zinaren nan na wancan karon yake so.