Yadda Ake Harhaɗa Kwamfutar Tebur Ba Tare Da An Sayar Da Ragon Layya Ba

Kafin ka taɓa aljihu, malam, zauna ka yi wa kanka tambayar da waliyyi yake yi wa manemin aure: me ya kawo ka gidan nan? Idan amsarka ita ce buga takardu, lissafin shago a Excel, kallon tafsiri da ƙwallo a YouTube, sai kuma yara su saba da linzami kafin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kan kwamfuta ake rubuta ta, to ka gode wa Allah, buƙatarka ba ta da nauyi. Jaki kake nema, mai kai kaya kasuwa ya dawo lafiya. Dokin Hawan Daushe, mai fitilu ja da kore suna walƙiya ta cikin gilashi, na 'yan gem ne da masu tace fim. Mai shago zai yi ta shafa shi a gabanka. Ka ce masa Allah ya kawo kasuwa, ka wuce.

A Kano ka nufi Beirut Road, a Abuja akwai Banex a Wuse 2, in kuma ƙafa ta kai ka Legas sai Computer Village da ke Ikeja. Ko'ina ka je, ka bar babbar riga a gida. Farashin kayan nan dala yake bi, sannan ya bi faɗin aikin da ke wuyan rigar mai saye. Sa tsohuwar kaftani, ka ɗauki wanda ya san kan kaya, ka shiga shago uku kafin ka buɗe bakin jaka.

Abin farko da za a daidaita aure ne tsakanin furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, da madabod, babban allon da kowa yake zaune a kansa. Wannan aure ba a yin na dole. Ƙwaƙwalwar Intel ba ta zama a ɗakin AMD ko da liman goma ne suka ɗaura, kuma a cikin dangi ɗaya ma sai gurbi ya yi daidai da gurbi. Mai ƙaramin ƙarfi ya dubi gurbin AM4 na AMD, wanda ya fito tun 2016, allunansa sun cika kasuwa, sababbi da na hannu. Ɗora masa Ryzen 3 3200G, ko Ryzen 5 5600G in aljihu ya yi murmushi. Ka riƙe harafin G ɗin nan kamar yadda kake riƙe lambar wayar mahaifiyarka, domin shi ke nuna cewa ƙwaƙwalwar tana fitar da hoto da kanta, ba sai ka sayi katin hoto ba, wanda shi kaɗai yana iya cinye rabin kuɗin. A gidan Intel kuwa harafin F za ka guje wa, don mai F ba ya nuna komai sai an haɗa masa kati. Kuma ka sa mai shago ya haɗa ango da amarya a gabanka, ya kunna, ka ga rubutu a allo, sannan ka biya sadaki.

Akwai tarko guda da ya ci mutanen kirki da yawa. Za a ce maka, “Alhaji, wannan i7 ce fa!” Kada sunan ya ruɗe ka. Tambayi zuriya ta nawa ce. Core i7 ta 2012 dattijuwa ce mai sarautar gado, jikarta i3 ta 2022 za ta tsere mata a kowane fage. Lambar da ke bayan ƙaramin layi ita ce takardar haihuwa: i5-8400 zuriya ta takwas ke nan, 'yar 2017. Kada ka sauka ƙasa da ta takwas, saboda daga nan Windows 11 ta fara karɓar baƙi, ita kuwa Windows 10 Microsoft ya yaye ta ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Ram tabarmar aiki ce. In ta yi kaɗan, duk abin da aka shimfiɗa sai an naɗe wani. Gigabait 8 shi ne mafi ƙaranci, 16 kuma ya ishi gida har da baƙi, ko da Chrome ya zo da yunwarsa ta mai buɗa-baki. Sanda biyu masu 8 sun fi sanda ɗaya mai 16 gudu, musamman ga ƙwaƙwalwa mai G. DDR3 da DDR4 ba sa shiga ramin juna, tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba. In ta ƙi shiga, juya ta ka duba, ba turmi kake daka ba.

Wurin da nake roƙonka ka saki hannu shi ne SSD, wato sabon faifan ajiya marar juyawa. Tsohon faifan ajiya mai juyawa, in ka kunna injin da shi, za ka iya yin alwala, ka yi nafila, ka dawo ka tarar yana miƙa. Da SSD kafin ka gyara zaman hula komai ya buɗe. Mafi arhar SSD tana karanta kusan megabait 500 a daƙiƙa guda, ninkin tsohon faifai sau uku ko huɗu, kuma ba ta da allurar da za ta karce in yaro ya bangaji tebur. Mai gigabait 256 ta isa aiki, mai 512 ta ba da sararin numfashi. Tsohon faifan kuma kada a jefar da shi, a mai da shi rumbu, ya riƙe hotunan biki da na suna. In na hannu za ka saya, akwai manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ke faɗin awa nawa faifai ya yi yana aiki da halin lafiyarsa. Ita ba ta san rantsuwar kasuwa ba.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wato fawa, tukunyar da ke dafa wuta ta raba wa kowa. Nan ne mutane suke yin rowa, nan ne kuma rowa take kashe gida. Injin irin namu bai fi ƙarfin fawa mai wat 400 ko 450 ba, amma ta zama ta kirki, mai hatimin 80 Plus. Ɗaga ta a hannu. In ka ji ta sakayau kamar gwangwanin madarar da aka shanye, mayar wa mai ita ko da an rubuta wat dubu a jikinta. Muguwar fawa ba ta mutuwa ita kaɗai, sai ta ja madabod da SSD sun raka ta.

Sai ka leƙa bayanta. Wasu tsofaffin fawa suna da ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Wutar Amurka ita ce ta ƙasa, tamu 230 ce. Wani maƙwabcina ɗan'uwansa ya aiko masa da inji daga can, ya tara iyali, aka yi bisimilla, ya soka a bango. Ƙara ɗaya aka ji, hayaƙi ya tashi, kyanwar gidan ba ta dawo ba sai bayan la'asar. Na ji masa ciwo ƙwarai, don tura makunnin nan da farce bai kai daƙiƙa biyu ba.

Wutar Nepa kuma kowa ya san halinta: ta tafi ba sallama, ta dawo da fushi. Saboda haka kuɗin UPS, wato batirin da ke riƙe injin in wuta ta ɗauke, yana cikin kuɗin kwamfuta, kamar yadda kuɗin gishiri yake cikin kuɗin cefane. 'Yan mintocin da zai ba ka sun isa ka adana aiki ka kashe injin cikin mutunci. In unguwarku wuta tana zuwa kamar kyandir, ƙara da sitabilaiza.

Ranar haɗi, sami tebur da haske da sukundireba mai bakin tauraro. Zuba notuna a murfin kwano, ka ɗaga shi sama, domin ƙaramin yaro yana ganin noti yake ɗauka alewa ce. In lokacin hunturu ne, sa'ad da mayafi ke tartsatsi cikin dare, taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa kowane kaya, don wannan ɗan tartsatsin yana iya kashe ram. A kusurwar furosesa akwai ƙaramar alama mai kusurwa uku, a gurbinta ma akwai irinta. Haɗa su, ka sake ta, za ta zauna da kanta. Man sanyaya da ake ɗiga mata kamar ƙwayar wake ya isa, ba man shanu ake zuba wa tuwo ba. Ɓare ledar da ke ƙasan fankar furosesa kafin ka ɗora. Sa faifan ƙarfen nan na bayan akwati tun da wuri, in ba haka ba sai ka gama ɗaure komai ka hango shi a gefe yana kallonka. Madabod a kan 'yan ƙafafunsa na tagulla yake zama, kada cikinsa ya taɓa ƙarfe. Babbar waya mai baki 24 da ƙarama mai baki 8 ko 4 ta kusa da furosesa, duka biyun a tura su har su yi ƙas.

In ka danna bai tashi ba, kada ka fara zargin mutanen ƙauye. Duba makunnin bayan fawa, sannan ka cire ram ka mayar. Mafi yawan aljanun kwamfuta a nan suke fita.

Wanda duk wannan ya yi masa yawa, ga gajeriyar hanya mai albarka: injinan ofis na hannu da ake shigowa da su, irin Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre. Nemi zuriya ta takwas, ƙara ram, sa SSD, ka gama. Sai dai da yawansu fawarsu ta gidansu ce, ba kowace ta kasuwa ke shiga ba. Manhaja kuma, in kuɗin lasisin Windows ya gagara, Linux Mint da LibreOffice kyauta ne, halal ne, sun fi kwafin sata mai zuwa da ƙwayoyin cuta a goye. A Windows akwai tsarin kibod na Hausa, ka kunna shi, ƙasa ta daina zama kasa.

Hajiya, ke kuma ga naki saƙon. Na san ƙyallen nan mai aikin saƙa ya yi kyau, amma kada a lulluɓe injin yana aiki, musamman a zafin Afrilu, don shi ma numfashi yake yi. A ɗaga shi daga ƙasa, a buɗe shi bayan kowane hunturu a hure masa ƙura. Ranar da za a buɗe ɗin, a kira 'yan mata da samarin gidan, a miƙa musu sukundireba, a nuna musu ram da SSD da hannunsu.