Akwatin Kyamararku Suma Ya Yi

Na san hukuncin da kuka yanke, mutanen Magariya. Akwatin da ke naɗar hotunan kyamarorin shago ya tsaya cak a kan tambarin kamfani, yana ta ƙara, don haka a ba yara su yi mota da shi. Ƙannenku na Dungas, waɗanda sai a 2011 aka yanka musu tasu departama, sun fi ku zurfin bincike: wai aljani ne, tunda jiya lafiya lau aka kwanta. To, a ajiye turaren tukuna.

Rumbu biyu ne a cikin akwatin nan. Akwai babban faifai mai ajiye hotuna, akwai ɗan guntun ma'aji a jikin allon na'urar mai riƙe da manhajar da ke tafiyar da komai. Sabunta manhaja kamar wanke allon almajiri ne a sake rubutu. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutun, tsohon karatu ya tafi, sabo bai cika ba. Kada wani ya ce mini wuta ba ta yin haka, a ƙasar nan da Najeriya ta yanke wa layin wuta daga Agustan 2023 har Maris ɗin 2024. Wani lokacin kuma wutar ba ta da laifi: yaron shago ne ya sauko da manhajar wani samfuri, don ya ga hoton akwatin ya yi kama da naku.

"To malam, in ta lalace ai ta lalace." A'a, Alhaji. Galibi ɗan shirin da ke tayar da na'urar yana nan da ransa. A yawancin akwatunan kamfanin Hikvision, da an kunna, yakan leƙa na 'yan daƙiƙu ko akwai kwamfuta mai adireshi 192.0.0.128, ya nemi fayil mai suna digicap.dav ta hanyar da ake kira TFTP. Aikin mai gyara shi ne ya haɗa waya kai tsaye daga kwamfuta zuwa akwatin, ya ba kwamfutar wannan adireshi, ya kashe garkuwarta, ya ajiye fayil ɗin da ya dace da lambar samfurin da ke manne a jikin akwatin, sannan ya kunna. Daga nan sai ya naɗe hannu har rubutu ya ƙare. Wasu sababbin samfura ba sa amsa wannan kira, sai an kwance murfi an yi musu magana ta siririyar waya. In ya farfaɗo, yakan dawo kamar ranar da aka saye shi: sabuwar kalmar sirri, a sake gabatar masa da kyamarori ɗaya bayan ɗaya.

Kafin duk wannan, a zare babban faifan a ajiye gefe. Hoton wanda ya yi gaba da buhun riɗinku yana ciki. Duk mai gyaran da ya ce a fara da goge faifai, ku tambaye shi inda ya kwana daren satar.

Ga wani can daga Waca yana ɗaga hannu: "Mu daina sabuntawar mana, a huta." Da sauƙi a baki. A Oktoban 2016 muguwar manhajar Mirai ta tara kyamarori da akwatunan naɗi da masu su suka bari sakaka, ta kai hari da su har Twitter da Netflix suka ɗauke a sassan Amurka. A 2021 ma Hikvision da kansa ya fitar da gyaran wata ɓaraka da ke ba baƙo damar karɓe na'ura daga nesa.

Don haka a sabunta, amma a kan batir mai caji, da fayil daga shafin kamfanin. Alhajin da ya kafa kyamara huɗu ba tare da ciniki ba, amma kuɗin batir ya sa shi salati, shi ne aljanin da mutanen Dungas suke nema.