Masoyan D'Tigers a Teburin Mai Shayi

A Daura ƙwallon kwando ba ta da jama'a kamar ta ƙafa, amma 'yan tsirarun da ke bin D'Tigers, ƙungiyar maza ta Najeriya, sun ishi teburin mai shayi hayaniya. Ƙungiya ce mai tara gwanaye ta dawo hannu rabbana. Kofin Afirka ɗaya tal ta taɓa ɗauka, a Tunisiya a 2015, da ta doke Angola.

A wannan shekarar agogon Baba Tarihi ya tsaya. Tambaye shi wasan jiya, sai ya gyara hula ya ce, "Yaro, ka san Oguchi kuwa?" Amma ka ambaci gasar Olamfik ta Landan a 2012, inda Amurka ta yi mana 156 da 73, nan take zai tuna lokacin salla ya yi.

Kusa da shi akwai Mai Gaggawa. A Yulin 2021, da muka doke Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunci a Las Vegas, ya ce a haɗa wa kowa shayi da burodi da ƙwai, zinare ya riga ya zo gida. Aka je gasar Olamfik a Tokyo, Ostireliya da Jamus da Italiya suka lallasa mu bi da bi. Har yau mai shayi na binsa kuɗin, kullum sai ya ce, "Malam, bari a ci kofi."

Shi kuwa Mai Ƙidaya ba ya kallon waɗanda ke fili, 'yan uwanmu da suka tafi yake lissafawa da yatsu: Olajuwon da Adebayo sun buga wa Amurka, Giannis na Girka. Da za a haɗa masa su, wai ko Amurka sai ta nemi sulhu.

Ɗan Siyasa ya fi su hujja, gaskiya. Zai kawo maka rikicin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa na 2017, lokacin da aka zaɓi Tijjani Umar a Kano, aka zaɓi Musa Kida a Abuja, hukuma ɗaya shugaba biyu. Sai dai in ya iso kan Mayun 2022, da gwamnati ta sanar da janye ƙasar daga wasannin ƙwallon kwando na duniya, yakan rage murya ya waiga, don ɗan gida ne ke mulki a lokacin.

Bar batun ɗan Arsenal da ya faɗo bisa kuskure yana tambayar ina mai tsaron gida.

Wanda ya fi kowa ƙiba shi ne wanda ya koma bayan mata. D'Tigress sun ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere, daga 2017 zuwa 2025. In kana da hawan jini, ɗan uwa, je ka zauna kusa da shi.