Mutanen Da Ke Ɗakin Ƙera Wasan Bidiyo

Duk kamfanin da ke ƙera wasan bidiyo, daga Kyoto har Warsaw, ba ya rasa Malam Ƙara-Wannan. Ba ya zane, ba ya rubuta manhaja. Kwana yake yana buga wasan wasu, da safe ya shigo ido jajur: "Jama'a, in muka sa doki fa? Dokin kuma ya riƙa tashi sama?" Irin wannan ƙare-ƙare ne ya riƙe wasan Duke Nukem Forever, aka sanar da shi a 1997, ana ta rushewa ana sake gini, bai fito ba sai 2011. Yaron da aka raɗa wa suna ranar sanarwar har ya shiga sakandare.

Can lungu kuwa Injiniya ne, ya toshe kunne, shayinsa ya huce tun azahar. Duk ƙarar da aka kawo masa amsa ɗaya ce: "Ai a kwamfutata lafiya lau yake." In kuskure ya gagare shi gyara, sai ya ce da gangan aka yi. Abin haushin, tarihi na goya masa baya. Dodannin Space Invaders na 1978 suna ƙara gudu ne don nauyi na raguwa a kan na'urar idan an kashe wasunsu, maƙerin wasan, Tomohiro Nishikado, ya ga abin ya yi armashi ya bar shi. Dodon Creeper na Minecraft ma alade maƙerin wasan, Markus Persson, ya yi niyya, ya rikita awon jikin, dabbar ta miƙe tsaye. Tun daga nan ba a sake cin Injiniya a gardama ba.

Mai zane na iya ɓata mako guda a kan inuwar ganye ɗaya. Da ma a tuna masa cewa Shigeru Miyamoto ya ba Mario gashin baki da hula ne don hoton ya yi ƙanƙanta da zana baki da suma.

Furodusa ba ya ganin komai sai kalanda, kamar uwar amarya ana saura kwana uku biki. Kakanninsa ne suka ba mutum ɗaya mako biyar ya haɗa wasan E.T. a 1982, shekara na zagayowa kamfanin Atari ya binne tarin kwafin da suka ƙi sayuwa a juji a New Mexico.

Wanda nake tausayi shi ne Mai gwaji. Wuni yake yana kara kan jarumi da bango ko zai ɓulla ta baya, ya rubuta rahoto, a ce masa mai neman fitina. Ranar da wasa ya fita da tangarɗa kuma, shi za a fara tambaya ina yake.

In ka gama wasa, ɗan'uwa, kada ka tsallake jerin sunayen ƙarshe. Ka haƙura har a zo kan masu gwaji, suna can ƙasa.