Yabon da aka biya

A Sri Petaling, can kudancin Kuala Lumpur, gidajen abinci sun jeru a titin Jalan Radin Bagus, kuma kusan kowanne yana da nasa "masoyin" a TikTok. Za ka ga saurayi ya kai loma baki, ya lumshe ido, ya rantse tunda uwarsa ta haife shi bai ɗanɗana irin wannan ba. Jiya ma haka ya rantse a shagon da ke maƙwabtaka.

Tun 2022 ƙa'idar yaɗa bayanai ta Malesiya ta ce wanda aka biya, ko da kyautar kwanon taliya ce, ya sanar cewa talla yake yi. Wasu na sanarwa kam, amma da harafi ƙanƙani, can ƙasa, inda sai mai neman allura zai duba.

Ni maroƙinmu na Kano ya fi burge ni. A bainar jama'a ake manna masa kuɗi, kowa na kallo, muryarsa na ƙara ɗagawa daidai da nauyin liƙin. Ita kuwa tauraruwa Kim Kardashian da ta ɓoye nata farashin talla, dala miliyan 1.26 ta biya wata hukumar Amurka a 2022.

Mai karatu, kafin ka haɗiyi yawu, tambayi wa ya biya kuɗin kwanon.